Yatsa a Shafi na Sittin da Uku

Da tsire na fara.
Tsinke uku na saya a bakin Bata, daren wata Laraba,
mai nama ya naɗe min a takarda mai kauri.
Na zo gida na warware, sai ga kan jirgin ƙasa,
rabinsa ƙuli-ƙuli, rabinsa hayaƙi.
Na koma da gudu, takalmi a hannu:
"Ina sauran littafin?"
Ya ce tun magariba Fagge ta cinye shi.

Tun daga ranar nake bin rumfa-rumfa a Sabon Gari,
inda Baba Nwosu ke auna ilimi a sikeli.
Ya san tafiyata. Kafin in yi sallama
zai ce, "Mai jirgi, yau babu,"
sannan ya sa ƙafa ya turo min kwali.

Na koyi gane su yadda mahauci ke gane sa.
Hanci tukuna:
wanda ya kwana a ofis, warin kabad yake yi,
wanda ya ci aiki a wurin gyara, warin baƙin mai.
Sai ɗinki. Zare ya girmi gam.
Sai hatimin reluwe, mai ruwan goro, a cikin bango.
In gara ta riga ni zuwa, ta cinye shekarar bugu,
ƙafafu nake ƙirgawa:
huɗu ƙanana a gaba, takwas manya, biyu a baya.
Jirgi ba ya ɓoye shekarunsa ga mai ƙirga ƙafa,
kamar rago ga mai buɗe baki.

Ladidi ta ce na mai da ɗaki tasha,
jirage fal, ba wanda ya taɓa kai ta ko Gezawa.
Faɗa take, tana cusa ganyen darbejiya
tsakanin shafuka, don kyankyaso.

Abin da ban gaya mata ba
ba jirgi nake nema ba.
Shekara ashirin da shida babana yana ɗura kwal
tsakanin Kano da Nguru.
Bai bar hoto ba.
Ya bar butar shayi, da shebur mai karyayyar ƙota,
da tarin da har yau nake ji da asuba.

Littattafan nan sun san nauyin tukunya,
sun san garin da aka ƙera kowace ƙusa.
A ƙarƙashin hoto ga lamba, ga shekara.
Mutumin da ke tsaye a bakin wuta kuwa,
zufa na wanke masa ƙirji,
ko harafi ɗaya ba a ba shi ba.

Daminar bara, ruwa ya fasa rufin Nwosu.
Cikin abin da ya shanya a kan buhu
na ɗauki wani, bango ya kumbura kamar gurasa.
Shafi na sittin da uku, gefen zanen tukunya:
sawun babban yatsa, baƙi ƙirin,
da ɗan tsagi a tsakiya.

Ba zan rantse ba.
Masu wuta sun fi ɗari, kowa da tabonsa.
Shi ko boko bai iya ba, me zai haɗa shi da littafi?
Sai dai ko wani ya ce, "Riƙe min wannan, in ɗaure noti."

Na ɗora yatsana a kai.
Nasa ya fi faɗi.

Nwosu ya faɗi kuɗi, ban taya ba.
Ya dube ni, ya rage da kansa.

Da dare na fere fensir,
na nemi fili a ƙasan shafin, inda ruwa bai taɓa ba,
na rubuta a hankali, kada takarda ta huje:
Ilu ɗan Barau, Fagge. Mai wuta.

Ladidi ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta,
ba ta ce komai ba.
Ta ƙara ganye biyu a shafin.